Shatar Mota Da Haƙƙin Zumunci

Bature idan ya tashi zuwa wata ƙasa da ya taɓa zama, yakan sauka a filin jirgi, ya je kamfani irin su Hertz ko Avis ya karɓi makulli, ya ja mota shi kaɗai, ya zagaya duk inda ya sani, ya koma gida ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Mu a nan ƙasar Daura abin da ya fi kusa da wannan shi ne shata. Mutum ya samu ɗan hali, ya ɗauki mota shi da direba kawai, ya bi ta Kwangwalam ya shiga Nijar, ya wuce Matamaye har Damagaram, inda ya yi almajirci ko fatauci yana saurayi. Ya zagaya Birni, ya kalli fadar Sarki, ya leƙa kasuwar Dole, kafin magariba ya juyo. Maigidan da ya sauke shi a da bai ma san ya shigo gari ba.

To, mai karatu, wai shin mutumin nan ya yi laifi?

Akwai masu cewa bai yi ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kuɗinsa ne, lokacinsa ne. Kowa ya san idan ka sauka gidan sani, tafiyar ta tashi daga hannunka: a kai ka gaida wane, a tsare ka sai ka ci tuwo, ga tsaraba, ga buƙatun da za a kawo maka. Sannan akwai tunanin da mutum ba ya iya yi sai yana shi kaɗai. Wanda ya tsaya a ƙofar makarantar allon da ya yi karatu shekara ashirin baya, kansa ya je nema, yana son ya gwada mutumin da ya zama da yaron da ya bari a wurin. Wannan ba ya yiwuwa cikin hayaniyar "sannu da zuwa".

Na yarda da wannan, amma rabin magana ce. Me ya sa wurin ya zama naka har kake marmarinsa? Ba ginin ƙasa ne ya ba ka kwanon tuwo da dare ba. Mutane ne suka mayar da baƙon gari ya zama wurin da ka sani. Idan ka koma ka more tunanin, ka tsallake waɗanda suka gina maka shi, ka sha romo ka manta da mai tukunya ke nan.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna da Swades na 2004. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Mohan, ma'aikacin NASA da ya dawo daga Amurka neman tsohuwar da ta raine shi. Ya shiga ƙauyen da wata ƙatuwar mota mai ɗaki a ciki, a nan yake kwana, ruwan roba yake sha. Yana cikin gari, amma gilashi ya raba shi da garin. Bai fara ganin mutanen da idon basira ba sai da aka aike shi wata tafiya da ba motar, har ya sayi ruwa a hannun wani yaro a tashar jirgin ƙasa ya sha. Darakta Ashutosh Gowariker ya gane cewa motar da ke kai ka wuri tana iya hana ka isa.

Mu ma labarinmu na gida haka ya nuna. Yadda ake ba da shi, Bayajidda ya iso Daura da dare, baƙo, ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, daga nan ya nufi rijiyar Kusugu. Da ya zo da guzurin ruwansa bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, da babu labarin. Buƙata ce ke haɗa matafiyi da mutane, shata kuwa aikinta ta raba ka da buƙatar kowa.

Akwai kuma abin da mai cewa "sai wani zuwan" yake mantawa. An rufe iyakar nan a watan Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mutanen Mai'aduwa, Zango da Baure, waɗanda dangin wasunsu ke tsallake a Magarya da Matamaye, sun san abin da watannin nan suka ci. Fadar Damagaram tana nan tana jiran ka. Dattijon da ya sauke ka ba shi da wannan tabbacin.

Saboda haka ni a ganina tafiya kai kaɗai ba aibu ba ce, kuma ba dole sai ka shelanta zuwanka ba. Ka shiga gari shiru, ka yi zagayenka, ka tsaya inda zuciyarka ta ce ka tsaya. Amma kafin ka ce wa direba ya juya, ka sa ya ajiye motar a bakin unguwa, ka taka da ƙafa, ka yi sallama a zaure ɗaya, ko da goro biyar ne a hannunka. Idan ka tarar maigidan ya riga mu gidan gaskiya, ka gaida iyalinsa ka yi masa addu'a. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma kuɗin shata ba ya sauke wa mutum wannan nauyi.

Allah Ya sa mu dace.