Jinyar Macijin da Ya Tsere Ya Dawo

Na san daga ganin kalmar maciji a saman shafin nan tsigar jikinki ta tashi, ƙila har kin yi ta'awwizi. Ba laifinki ba ne. Mu a wurinmu maciji shi ne kububuwa a gona, kumurci a akurkin kaji, da gadajen asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da kan cika da manoma a damina da kaka. Amma daure ki biyo ni, akwai tambaya a cikin maganar nan da ta shafe mu.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da ke kiwon maciji a ɗaka, kamar yadda muke ajiye kyanwa ko tattabaru. Cikin waɗanda suka fi ajiyewa akwai wata ƙaramar mesa marar dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Asalinta nan yankinmu ne. Daga Ghana, Togo da Benin aka fi fitar da ita, kuma an fitar da sama da miliyan 3 tun daga shekarun 1970. Takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, har ma a 2020 wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta yi ƙwai 7 a gidan namun daji na St. Louis a Amurka. Kin ga wanda ya saye ta ya ɗauko ɗawainiyar da za ta iya kaiwa har auren 'ya'yansa.

A akwatin gilashi ake ajiye irin wannan maciji, kuma gwani ne wajen tserewa. Ranar da aka manta ba a danne murfi ba, shi ke nan. Sai ya shige bayan firji, ko cikin bango, ko ƙarƙashin daɓen katako, a yi makonni ko watanni ana nema. Ranar da aka gan shi sai masu gida su ce ya dawo. Gaskiyar magana ba kewar kowa ta fito da shi ba, ƙishirwa ce ko neman ɗumi.

Yakan fito a galabaice. Maciji ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, da zafin wurin da yake kwance yake rayuwa, ga shi ɗan ƙasar zafi a garin sanyi. Za ki gan shi ya rame har ƙashin bayansa ya fito, fata ta yamutse, tsohuwar saɓa ta manne masa har kan ido. Wani yana numfashi da baki a buɗe, majina na fita, alamar sanyi ya kama masa huhu. Wani ya ƙone saboda ya kwanta jikin bututun ruwan zafi, wani kuma a tarkon ɓera mai danƙo ake tsintarsa, sai an shafa man girki a hankali kafin a ɓamɓare shi.

Abin da zuciya za ta fara raya wa mai shi shi ne ya cika masa ciki. To nan ne ake yin kisa da sunan tausayi. Cikin da ya daɗe a bushe, a jikin da ya yi sanyi, ba ya narkar da abinci, amayar da shi zai yi, kuma aman maciji wahala ce babba, sai an jira kusan mako biyu kafin a sake gwada ba shi. Masu sanin abin sukan fara da ɗumi, sannu a hankali, gefe ɗaya na akwatin ya kai kamar digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen ya fi sanyi domin ya zaɓi inda yake so. Sai ruwan sha. Sai a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan wanda bai sha kansa ba, na minti 15 zuwa 20, don saɓar ta saki. Ba a fizge wadda ta manne a ido. Idan akwai majina ko ƙuna, wannan aikin likitan dabbobi ne. Bayan kwanaki a ba shi ɗan ƙaramin ɓera, a ƙyale shi kwana biyu ba a taɓa shi ba. Duk lokacin da aka taɓa shi kuma a wanke hannu da sabulu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa su. Haka za a yi ta yi ana auna nauyinsa, wata da watanni.

Bayan duk wannan, macijin ba zai gode ba. Iyakarsa ya saba da warin hannun mai shi ya daina tsorata. Ba ya tarbar kowa a bakin ƙofa, kuma gobe in ya sami murfi a buɗe zai sake fita. To 'yar uwa, ina dalilin wahalar? Shin wanda ba ya sonki, bai san kin yi masa komai ba, yana da haƙƙi a kanki?

Bari in faɗi ra'ayina a fili. Ba na ganin hikima a kiwon maciji, kuma da ɗana zai roƙa ba zan yarda ba. An halatta kashe maciji da kunama ko da mutum yana cikin salla, kuma malamai da yawa ba su yarda da cinikin maciji ba saboda rashin amfaninsa. Wannan hukuncin kafin a ɗauko shi ne. Tambayata a kan wanda ya riga ya shiga hannu ce.

Ki tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mukan karanta wa yara shi a Islamiyya da nufin su ji tausayin dabba, amma ki lura da inda laifin matar yake. Ba a ce ta ƙi kyanwar a zuciya ba, ba a kuma ce kyanwar ta taɓa yi mata wani amfani ba. Tsare ta ta yi, sannan ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wato haƙƙin daga tsarewar ya taso. Macijin da ke cikin daji Ubangijinsa ya ɗauki nauyin arzikinsa. Ranar da kika rufe shi a akwati kin shiga tsakaninsa da rana da ruwa da ramin ɓera, abin da duk zai samu sai ta hannunki. Gudun da ya yi bai sauke miki nauyin ba, don bai taɓa yi miki alkawarin zama ba.

Za ki ce to a sake shi mana, ai matar can ma an ba ta wannan zaɓin. Ita kyanwar a garinsu take. Macijin Afirka da aka saki a sanyin Ingila an yanke masa hukuncin mutuwa a hankali. Inda kuma yanayi ya karɓe shi, wasu ne za su biya. A Fulorida ta Amurka, manyan mesoshin Bama da suka tsere ko masu su suka gaji suka yar sun hayayyafa a fadamar Everglades, har wani bincike na 2012 ya nuna wasu ƙananan namun dajin wurin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma a shekarar aka hana shigo da irin mesar ƙasar. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mesar Afirka mai nauyin kilo 45 ta fita daga inda aka tsare ta ta bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan uwan juna suke barci, mai shekara 4 da mai shekara 6, ta kashe su. Don haka gyara murfin akwati yana cikin jinyar, kuma haƙƙin maƙwabci da na yaran gida yana gaba da na macijin. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya miƙa shi ga masu iyawa. In ciwon ya fi ƙarfin magani, likita ya kashe shi nan take ba tare da azabtarwa ba, domin an umarce mu da kyautatawa har a wajen kisa. Abin da ba shi da hujja shi ne a tura akwatin lungu a bar shi ya bushe don an ji haushin ya gudu.

Abin da ya sa na zaɓi maciji ban zaɓi kyanwa ba shi ne, da kyanwa mutum ba ya gane kansa. Tana shafar ƙafarki, ki ji daɗi, ki zuba mata madara, ki ɗauka tausayi ne alhali ciniki ne. Mun saba cewa alheri danƙo ne, kuma da yawanmu abin da muke nufi shi ne zai dawo mana ta hannun wanda muka yi wa. Macijin ya toshe wannan hanyar gaba ɗaya. Duk matar da ta taɓa jinyar tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa ba ta gane mai wanke ta, har tana zaginta, ta san wannan wurin fiye da ni.

Kuma kada mu yi ta kallon Turawa. Ki tambayi yadda macijin gardi yake ƙarewa bayan an cire masa haƙoran dafi ana yawo da shi kasuwa kasuwa. Ki duba tsuntsun da yaranki suka kamo suka sa a keji, suka yi ɗokinsa kwana uku suka manta. Ko akuyar da ta tsinke igiya ta kwana biyu a waje, ta dawo da ciki a kumbure don ta ci leda, aka tarbe ta da sanda, aka ɗaure ta a rana, ba wanda ya tuna ya ajiye mata ruwa.