Nasiha Ga Ɗalibai Da Iyayensu Game Da Zaɓen Jami'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ta ƙofarta ake shiga jami'a a ƙasar nan. A 2024 ɗalibai kusan miliyan biyu suka nemi zama jarrabawarta, guraben kuwa ba su kai haka ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya ƙaurace wa barci, ya rame, yana cin goro ko shan ƙwaya don idonsa ya bushe, har ya wayi gari ya tsani littafin da yake ƙauna jiya.

Wannan ba tafarkin Musulunci ba ne. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah Ya sanar da mu cewa ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga masallaci ya tarar da igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Zainab ce, tana riƙe ta idan tsayuwar salla ta gajiyar da ita. Sai ya yi umarni a kwance ta, ya ce mutum ya yi salla muddin yana da nishaɗi, in ya gaji ya zauna. To, idan an hana mu gallaza wa jiki a cikin nafila, ina ga karatun jarrabawa? Ɗalibi ya tsara lokacinsa: ya kwanta bayan Isha'i, ya yi bita bayan Asuba sa'ad da ƙwaƙwalwa ta huta, ya ɗan yi ƙailula da rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah game da 'ya'yanku. Uba yakan rantse sai ɗansa ya zama likita, alhali zuciyar yaron tana wajen noma ko koyarwa. Idan makin bai kai ba, sai gori ya biyo baya, wani yaron ma tsoro ya kai shi ga satar amsa, wadda ha'inci ce da shari'a ta haramta. Ku dubi sahabbai: Zaidu ɗan Sabitu ya yi fice a rabon gado, Mu'azu a sanin halal da haram, Halidu a fagen fama. Imamu Gazali kuwa, a cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa a cikin farillan kifaya. Saboda haka wanda ya shiga Kwalejin Ilimi ko makarantar koyon aikin jinya bai gaza wanda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero daraja a wurin Allah ba, in niyya ta yi kyau.

Yadda za a yi zaɓi kuwa, a fara da shawara, kamar yadda aya ta 38 a Suratus Shura ta yabi muminai da ita. A tambayi malaman yaro inda ya fi ƙarfi, a dubi aljihun uba da nisan garin. Sa'an nan yaron da kansa ya yi istihara: raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabir ya ruwaito. Ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki. Daga nan sai a dogara ga Allah. Wanda bai samu bana ba, kada ya yanke ƙauna, domin wani jinkirin alheri ne.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani da lafiyar yin aiki da shi, amin. Wassalamu alaikum.