Mai Rijiya da Mai Ƙishirwa: Tambaya a kan Haƙƙin Ƙirƙira

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam abin da ke cikin ruwa da abin da ke cikin iska, ya kuma ba shi hankalin da zai amfana da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, wani matashi ya kawo mana tambaya bayan karatun magariba. Ya ce yana son kiwon tarwaɗa a cikin gidansu da irin tsarin nan da ake tace ruwa a mayar wa kifi. Ya ga zanen na'urar a salularsa, kuma maƙerin unguwarsu ya ce zai iya haɗa masa irinta, amma an gaya masa cewa dabarar tana da mai ita, har da takarda a kanta. Sai ya ce: "Malam, in na kwaikwaya, na yi sata ke nan? In kuwa sata ce, yaya mutum zai mallaki abin da ya riga ya shiga kan wani?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa ta a nan.

Mece ce wannan takarda?

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ake kira "brevet" da faransanci, alkawari ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai rubuta dabararsa dalla-dalla, yadda duk gwani a wannan sana'a zai iya karantawa ya haɗa, a buga ta kowa ya gani. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya kai takardarsa. In wa'adin ya cika, dabarar ta zama ta kowa. Birnin Benis na Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474. Mu a Nijar muna cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma rajista ɗaya a can takan game ƙasashe 17.

Kifi a rufaffen tanki

Bari mu fara da kifin da matashin ya tambaya. A tabki, yawan ruwa ne ke wanke dattin kifi. A cikin tanki kuwa, kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ita kuma guba ce da za ta kashe shi in ta taru. Dabarar ita ce famfo ya ja ruwan zuwa rariya ta tare kashi da ragowar abinci, sannan ya wuce ta wani mazubi da ke cike da ƴan guntayen roba. A jikin robar nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zama, su ne ke juya amoniya ta koma wani gishiri mai ƙarancin cutarwa. Daga nan a hura wa ruwan iska a mayar wa kifi. Ta haka akan sake amfani da fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan. Wanda ya ga yadda tabkuna ke ja da baya da rani ya san abin da wannan yake nufi ga ƙasa irin tamu. A duniya ma, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a 2022 ne karon farko da abin da aka kiwata a ruwa ya zarce abin da aka kamo.

To, wane ne mai wannan dabara? Ƙwayoyin nan Allah ne ya halitta su, suna aikinsu a cikin ƙasa da ruwa tun kafin masani Winogradski ya gano su a 1890. Amma hanyar sa guntayen roba su riƙa yawo a cikin ruwa don kada mazubin ya toshe, wani malamin jami'a ne a Toronhaim ta ƙasar Norwe, mai suna Hallvard Odegaard, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka yi mata takarda, kamfanin Kaldnes ya riƙa sayarwa. Ga halittar Allah, ga kuma wahalar bawa, sun haɗu a cikin mazubi ɗaya.

Wayar iska

Haka abin yake ga salular da matashin ya ga zanen a cikinta. Igiyoyin da ke ɗauke da magana a iska ba wanda ya halicce su sai Allah. Makswel ɗan Birtaniya ya yi lissafinsu a 1865, Hertz ɗan Jamus ya nuna su a fili wajen 1888, sannan Markoni ɗan Italiya ya nemi takarda a London a 1896 kan hanyar aika saƙo da su. Duk da shahararsa, a 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wani muhimmin sashe na haƙƙinsa, domin ta tabbatar wasu sun riga shi. Wannan ya nuna cewa babu mai ƙirƙira da ya fara daga babu; kowa a kan tubalin wani ya ɗora nasa.

Amma kada wannan ya sa mu raina wahalar masu bincike. A cikin ɗaki, igiyoyin rediyo sukan bugi bango su dawo, su dagula saƙo kamar amsa-kuwa. Masana na hukumar bincike ta gwamnatin Ostiraliya, CSIRO, sun samo maganin wannan, aka ba su takarda a Amurka a 1996, dabararsu kuwa ta shiga cikin Wi-Fi. Manyan kamfanoni sun yi amfani da ita ba su biya ba, sai da aka kai ga kotu, aka yi sulhu a 2009 da 2012. Abin da hukumar ta samu ya haura dalar Ostiraliya miliyan 400, ta zuba wani kaso cikin asusun tallafa wa bincike, takardar kuma ta ƙare a 2013. Wa zai ce mutanen nan ba su da haƙƙi a kan masu cin ribar guminsu?

Abin da malamai suka duba

Masu ƙin wannan haƙƙi suna da hujja mai nauyi. Sun ce Alƙur'ani ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu ɓoye abin da aka sanar da su, hadisi kuma ya yi wa mai ɓoye ilimi alkawarin linzamin wuta. Sun ƙara da cewa in ka ɗauki akuyar wani ya rasa ta, amma in ka koyi dabararsa tana nan a kansa ba ta ragu ba. Ina satar take?

Masu yarda da shi suka ce amfanin abu dukiya ne a wurin mafi yawan malamai, har da Malikawa, shi ya sa ake biyan hayar gida, ake kuma ba malamin allo kuɗin laraba. Wanda ya kashe shekaru da dukiya yana gwaji, in wani ya zo rana ɗaya ya kwashe ribar, lalle an rage masa wani abu. Kuma takardar nan ba ɓoyo ba ce, tun da sharaɗinta na farko shi ne a bayyana. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Mu ma a nan muka tsaya. Sai dai haƙƙi a Musulunci ba ya zuwa ba tare da iyaka ba, kuma magabata sun bar mana ma'auni a cikin hukuncin ƙasa da ruwa.

Na farko, abin da yake kwance ga kowa ba a ba mutum ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyadu ɗan Hammal ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wurin gishiri na Ma'arib, aka ba shi. Da aka bayyana wa Manzo cewa gishirin nan kamar ruwa ne mai ɓuɓɓugowa wanda ba ya yankewa, sai ya janye kyautar. Haka nan ƙwayoyin da ke tsarkake ruwa da igiyoyin da ke yawo a iska: mutum na iya mallakar na'urar da ya ƙera, amma ba shi da iko a kan sunnar Allah da na'urar ta dogara da ita. Dokokin zamani ma sun bambanta ganowa da ƙirƙirawa.

Na biyu, wanda ya killace dole ya raya. Wanda ya raya mataccen fili ya zama nasa, amma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mai kewaye fili da duwatsu ya bar shi kwance ba shi da haƙƙi bayan shekara 3, kuma ya karɓe daga Bilal ɗan Haris abin da ya kasa nomawa na kwarin Aƙiƙ. Abin mamaki, Yarjejeniyar Paris ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin masana'antu ta ba hukuma damar ba wani izini in mai takarda ya bar dabararsa kwance shekara 3 bayan an ba shi ita, ko 4 bayan ya nema. Saboda haka mai sayen takardu don kawai ya tare hanya ya riƙa karɓar kuɗi, ko don ya binne dabarar da za ta rage masa kasuwa, ya yi kama da mai ɓoye hatsi lokacin yunwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na uku, mai rijiya ya fi kowa haƙƙi a kanta, amma an hana shi hana rarar ruwa ga mabuƙaci. Wannan ya fi fitowa a hanyoyin sadarwa, inda dole kowace salula ta bi ƙa'ida ɗaya kafin ta yi magana da ƴar uwarta. In dabarar mutum ta shiga cikin ƙa'idar, babu mai iya kewaye ta. Ta zama rijiya ɗaya tilo a kan hanyar ayari. Shi ya sa cibiyar ETSI da aka kafa a Faransa a 1988, mai kula da ƙa'idar GSM, take neman mai irin wannan takarda ya yi alkawarin ba kowa izini a kan farashi na adalci ba tare da nuna bambanci ba. In ya tsawwala, nauyin yana sauka ne a kan talakan da ya sayi salula a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, domin kuɗin izinin yana cikin farashinta. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Bayan waɗannan akwai daraja ta sama, wadda ba a tilasta wa kowa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya bar wa jama'a. Duk mai dabarar da ya sake ta don Allah kafin wa'adinta ya cika, ya bi wannan sawu, kuma ilimin da ake amfana da shi yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa da mutuwa.

Amsa ga mai tambaya

Ya kai ɗana, ka bincika tukuna. Takarda tana aiki ne a ƙasar da aka yi mata rajista kawai, kuma cikin wa'adinta. In ta ƙare, kamar ta guntayen robar nan ta Norwe da shekarunta 20 suka cika tuni, ko kuwa ba a yi mata rajista a OAPI ba, to ka haɗa na'urarka babu laifi a kanka. In tana da rai a nan, ka nemi izini ko ka nemi wata hanyar. A kowane hali, kada ka manna sunan kamfanin wani a kan aikin maƙerinku, domin wannan algus ne, kuma kada ka ce kai ka ƙago abin da ka koya. Ka sani kuma cewa ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ya buɗe takardu fiye da miliyan 100 a intanet kyauta, da yawa daga cikinsu wa'adinsu ya wuce. Rijiya ce a buɗe, guga kawai take jira.

Mu kuma sauran jama'a, kafin mu zargi mutanen nesa da rowar ilimi, mu dubi gida. Maƙera nawa, masunta nawa, masu maganin gargajiya nawa suka shiga kabari da asirin sana'arsu, ko ɗan cikinsu ba su gaya wa ba? Mai takarda ya riƙe ribarsa shekara 20 amma ya rubuta iliminsa ya bari. Namu ya riƙe har abada, ya tafi da shi. Tarwaɗar da ke cikin tabkunanmu, mutanen Holan sun koyi kiwonta a rufaffun tankuna tun shekarun 1980, har suka dawo suna sayar wa manoman Najeriya kayan aikin. Ba su sace mana kome ba. Sun yi bincike ne, sun rubuta. Duk wanda Allah ya ba wata dabara a cikinmu, ya rubuta ta, ya kare haƙƙinsa in yana so, ya kuma koya wa na baya.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, ya tsare mu daga cin gumin wani da hana rarar abin da ya ba mu. Allah shi ne mafi sani.