Gidan ƙasa: kunyar wa?

A bakin ma'aikata da cikin takardunsu gidajenmu kashi uku ne: "en dur", "semi-dur", sai "banco". In ana son a girmama siminti sai a ce "matériaux définitifs", wato kayan da in an yi an gama. To in siminti ne na dindindin, ginin ƙasa mi ke nan? Na wucin gadi. Wanda ke cikinshi kamar mai jiran mota ne a tasha, ko da a ɗakin aka yanke cibiyar kakanshi.

Hausarmu ma ba ta kuɓuta ba. Ƙasar da ake kwaɓawa, ita ce ƙasar da muke cewa tamu, Nijar. Canza karin sauti kaɗan, ka gajarta wasalin ƙarshe, ta koma ƙasa kishiyar bisa. Kunnen saurayin da za shi neman aure a Maradi wagga ta biyun yake ji. Shi ya sa sai ka ga an shafe katangar gaba da siminti, baya kuwa tubali ne. Maginan sun san siminti bai kama ƙasa da kyau: ruwa ya shiga ta tsaga, ya ci bango daga ciki, fuska tana nan sumul. Ana yi dai, don idon mutane ya fi ruwan sama kusa.

Masu yabon ƙasa suna da hujja, ba ƙarama ba. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi da dare. Ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, tanda ne. Hasumiyar masallacin Agadez, mita 27, ƙasa ce da itace. Falke Barmu ya fara masallacin Yama a 1962, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallacin Dandaji da tubalin ƙasa matsattse, suka maida tsohon ɗakin karatu.

Amma a daminar 2024 mun ga bango yana danne mutane a cikin Maradi, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya zube. Wanda ya tono ɗanshi daga ƙarƙashin laka, da wane baki za ka karanto mishi Agadez? Ni dai ina jin nauyin ɗalibin da ke kwana ɗakin siminti a jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, ya tashi yana yi wa mutanen Jiratawa wa'azin gado. Yabon abin da ba za ka zaɓa wa kanka ba, akwai rashin adalci ciki.

Sai dai ina ganin "définitif" ta ɓoye tambayar gaske. Ginin ƙasa bai taɓa alƙawarin tsayawa shi kaɗai ba. Yarjejeniya ce: ni in ba ka sanyi, kai ka ba ni yaɓe kafin ruwa, ka gyara indararo, ka sa ciyawa a kwaɓi ka bar shi ya ruɓa kwanaki, ka shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa. Aikin nan ba na mutum guda ba ne, na gayya ne. Kuma sai an dubi wuri: a 1945 da Gulbi ya cinye tsohon garin Maradi, ba kayan gini aka fara canzawa ba, gari aka ɗauke aka kai tudu. Yanzu samari suna Kano ko Agadez lokacin yaɓe, azarar giginya ta yi wuya, talaka kuma fegin da ya iya saye shi ne na kwari, kan hanyar ruwa. Bangon da ya faɗi a haka, ƙasa ce ta ci amana ko mu?

A Tibiri har yau manomi na zuba hatsin shekara a rumbu, ya kwana hankali kwance, don rumbun yana bisa duwatsu, ga hular ciyawa, kuma ba ya bari damina ta same shi bai duba shi ba. Ba mai yi mishi dariya a kan rumbun. Ɗakin kwana ne kawai, in na ƙasa ne, dangin amarya ke tambayar yaushe za a rushe.