Mugu Ba Shi Da Kama

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Su ɗin dai kuma suka ce mugu ba shi da kama. To 'yar'uwa, wanne za mu ɗauka cikin biyun nan? Kafin ki ba da amsa, zo mu leƙa wasu tsofaffin hotuna na ƙasar Amurka, na zamanin nan da ake nunawa a finafinan kaboyi, wato wajejen 1870 zuwa 1900, lokacin da a yammacin ƙasar hukuma na nesa, bindiga na kusa.

A fim ba a shan wahala. Da jarumi ya fito kin gane shi, mugun kuwa tun daga hararsa kin san ba alheri. Hotunan gaske fa ba haka suke ba. A baje miki na 'yan doka da na 'yan fashi a tabarma ɗaya, a rufe sunayen, ba za ki iya ware su ba. Kowa da kwat, kowa da gashin baki, kowa ya ɗaure fuska, don a zamanin sai mutum ya daskare gaban mai hoto, kuma ba a saba yin murmushi a hoto ba.

Alal misali, akwai wani hoto da aka ɗauka a garin Fort Worth na jihar Teksas a 1900. Maza biyar ne, uku a zaune, biyu a tsaye, sun ci ado da kwat da huluna da agogon aljihu mai sarƙa. Kya rantse attajirai ne ko manyan ma'aikatan banki. Ashe Butch Cassidy ne da abokansa, waɗanda suka addabi bankuna da jiragen ƙasa da fashi. Abin mamaki, kwalliyar ce ta tona musu asiri. Kamfanin bincike na Pinkerton ya sami hoton, ya buga fuskokinsu a takardun cigiya. Kafin 1901 ta ƙare an harbe ɗaya, an kama biyu, sauran biyun sun tsere Ajantina.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na Henry Brown. A 1882 aka naɗa shi shugaban 'yan dokan garin Caldwell a jihar Kansas. Mutum ne shiru-shiru, ba giya, ba caca. Ya gyara garin har mutane suka yi masa kyautar bindiga mai ado a farkon 1883. A watan Maris na 1884 ya yi aure. Ranar 30 ga Afrilu, amarya ko wata biyu ba ta cika a ɗaki ba, ya ɗauki mataimakinsa da wasu mutum biyu suka tafi fashin banki a garin Medicine Lodge, suka harbe shugaban bankin da ma'ajinsa. Aka bi su aka kamo, aka jera su da mari aka yi musu hoto. A daren nan mutanen gari suka far wa gidan yarin, aka harbe Brown yana ƙoƙarin gudu, aka rataye sauran ukun. Ki dubi fuskarsa a hoton nan, ita ce dai wadda gari ya amince wa, ita ce amarya ta gani ta ce ta yi miji. Da an bi sawunsa baya, da an tarar tun 1878 yana yawo da bindiga tare da shahararren ɗan ta'addan nan Billy the Kid.

Yanzu ga Bass Reeves, baƙar fata, wanda aka haifa cikin bauta a 1838. Hotonsa ma dai gashin baki ne da ɗaurarriyar fuska kamar na kowa. Ya kama aikin doka a 1875, ya shekara 32 yana farautar masu laifi. A 1902 ɗansa na cikinsa, Bennie, ya kashe matarsa. Reeves da kansa ya karɓi takardar sammacin, ya je ya kamo ɗan nasa ya miƙa wa shari'a, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Don Allah a ina za ki ga wannan a jikin hoto? Wace kamara ce za ta ɗauko abin da uban nan ya haɗiye ran nan?

Ke hoton ma kansa yana iya ruɗin ido. Sanannen hoton Billy the Kid a jikin farantin ƙarfe aka ɗauke shi, irin wanda yake juya dama ta koma hagu kamar madubi. Shekara da shekaru ana cewa bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958. Abin da ya kasa faɗin gaskiyar hannu, ina zai faɗi ta hali?

Saboda haka karin maganar nan biyu duk gaskiya ne, kowanne da wurinsa. Fuska tana ba da labarin zuciya na wannan sa'ar: fushi, ko murna, ko damuwa. Hali kuwa zanen dutse ne, sai an zauna, sai an daɗe, sai ranar da gaskiya ta zo da tsada sannan a san mai ita. Brown da Reeves aiki ɗaya suka riƙe, rantsuwa iri ɗaya suka yi. Ɗaya ya sayar da amana saboda kuɗi, ɗaya ya riƙe ta ko da ta ci ɗansa.

Ba ana cewa ki zargi kowa ba ne, zama da zargi shi ma ciwo ne. Amma ranar da aka miƙo miki hoton manemi, naki ko na 'yarki, kina iya yaba kyan, sannan ki ajiye hoton ki yi tambaya. Su wa yake zama da su? Yaya yake da mahaifiyarsa? In an ba shi ajiya yana mayarwa? In ya ci bashi yana biya? Waɗanda suka san shi shekara goma baya, me suke faɗa? Haka kuma kada ki yanke wa baiwar Allah hukunci don fuskarta ba ta yi miki ba.

Mu ma fa wata rana hotunanmu ne za su rage a hannun jikoki. Za su ga atamfar da gwalagwalan su yaba. Daga nan sai su juya su tambayi wanda ya zauna da mu: wai ita wannan, yaya halinta yake?