Aikin Masu Furfura

Ya kai mai karatu, kana cewa furfura ta sallame ka daga hidima? Dubi tsofaffin 'yan Mormon. Miji da mata sukan bar jikokinsu a Amurka, su zauna Turai wata 18 ko 23 da guzurin kansu, ba albashi. Da asuba addu'a. Da rana uwargida tana dafa abinci domin samari da 'yan mata, maigida yana shirya darasi. Ran Litinin da maraice su tara su kamar iyali guda. Koyarwarsu dabam take da tamu, ba na ɓoye maka. Amma yaron da kewar gida ta dame shi yakan sami mai sauraronsa wurinsu har dare ya raba, kāna tsohon ya tashi ya wanke kwanoni.