ZOBE A ƘAFAR TSUNTSU: ILIMI NE KO ZALUNCI?

Bayan sallar La'asar wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci, ya buɗe tafin hannunsa. Ɗan zoben ƙarfe ne, da lambobi da rubutun boko a jiki. Ya ce, "Malam, jikana ne ya harbo tsuntsu da danƙo, muka ga wannan a ƙafarsa. Anya ba asiri ba ne?"

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba asiri ba ne."

Aikin masu binciken tsuntsaye ne. Da kaka, wajen Satumba da Oktoba, tsuntsaye kan gudo daga sanyin Turai, su keto Sahara, su sauka a wurare irin fadamar Haɗejiya da Nguru. Masu binciken kan kafa raga mai laushi tun da asuba. Wanda ya faɗa sai a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a maƙala masa zobe mai lamba, a sake shi. In aka sake kama shi a wata ƙasa, lambar ce za ta faɗi inda ya fito. Wani malamin makaranta ɗan Denmark, Mortensen, shi ya fara haka a 1899. Yau har a Jos ana yi, a cibiyar APLORI.

To amma tambayar da ta tsaya min a rai ita ce: wa ya ba mu izinin tsorata halittar da ba ta yi mana komai ba, don kawai muna son sani?

Kar mu raina tsoron nan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a halin tafiya, Annabi (SAW) ya ga firgicinta, ya umarta a mayar mata. Ashe firgicin tsuntsu ma abin lissafi ne.

Abin da na fahimta, wallahu a'alam: in akwai maslaha ta gaske, kamar gano fadamar da suke dogaro da ita don a kiyaye ta, kuma cutarwar kaɗan ce, ba laifi. Amma da sharaɗi. Kar a bar shi a raga rana ta gasa shi, kar zoben ya matse ƙafa, kuma a sake shi da wuri. Sakin nan shi ne ya raba amana da zalunci.

Sai na tambayi dattijon, "Baba, yaron ya yanka ya ci ne?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wasa yake."

'Yan uwa, ku duba. Tsuntsun nan ya shiga hannun baƙo, an sake shi. Ya keto hamada, Allah Ya tsare shi. Sai a unguwarmu ya mutu a banza. Mu ja wa yaranmu kunne kan danƙon nan, domin za a tambaye mu.

Allah Ya sanya mana tausayin halittunSa.